Milisakan 95: yadda aka sa wa bindigar fenti linzami

Akwai wani adadi da duk mai shiga manyan gasannin wasan harbin fenti ya haddace kamar lambar wayarsa: 10.5. Ma'anarsa ita ce, a gasar NXL, wadda ta fi kowace girma a wannan wasa a Amurka da Turai, ba a yarda bindigar ɗan wasa ta fitar da ƙwallon fenti fiye da goma da rabi a sakan guda ba. Da yake rabin ƙwallo ba ya fitowa daga bakin bindiga, abin da alƙalan wasa ke aunawa a zahiri shi ne tazarar da ke tsakanin harbi da mai bi masa: kada ta gaza milisakan 95, wato kashi 95 cikin dubu na sakan. Galibin 'yan wasa kan saita bindigoginsu a kan 10.2, su bar 'yar rata, gudun kada na'urar alƙali ta ɗan saɓa da tasu a rana tsaka hukunci ya hau kansu.

Abin lura shi ne bindigogin nan sun fi ƙarfin wannan adadi nesa ba kusa ba. Da yawansu za su iya wuce harbi ashirin a sakan idan aka sakar musu mara, kuma masu tsadar cikinsu sun haura dala dubu. Mutum ya sayi ingarman doki da kuɗinsa, sannan doka ta ce sai dai ya yi sukuwa da rabin gudunsa. Yadda aka iso nan labari ne na maguɗi da kuɗi da zafin jiki, da kuma wata tsohuwar matsala ta duk mai kafa doka: me za a yi da haramcin da kowa ya yarda da kyansa amma babu mai iya tabbatar da an keta shi?

Ga mai karatun da bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Ƙungiyoyi biyu, 'yan wasa biyar-biyar, suna fuskantar juna a fili mai tsawon kusan mita 45 da faɗin mita 36, wanda aka jera wa manyan buhunan iska domin fakewa. Kowa na sanye da takunkumin da ya rufe idanu da fuska da kunnuwa. Harsashin ƙwallo ne mai nauyin kusan giram 3, ɓawonsa na jelatin irin na kafson magani, cikinsa ruwa mai launi da ke fita da wanki. Matsattsiyar iska ce ke tura shi, kuma an ƙayyade gudunsa kada ya wuce ƙafa 300 a sakan, kimanin mita 91. Wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ko a kayansa ya fita. 'Yan wasan ma ba sa son a kira abin hannunsu bindiga, sun fi son sunan da ke nufin “mai sa alama”, kuma suna da hujja ta tarihi: kamfanin fenti na Nelson ya fara sayar da irinta ne domin ma'aikatan daji su riƙa sa wa itatuwa alama daga nesa, makiyaya kuma su sa wa shanu.

Da irin wannan bindiga, mai suna Nel-Spot 007, aka buga wasan farko a watan Yunin 1981 a dajin Henniker da ke jihar New Hampshire. Mutum goma sha biyu ne suka shiga, bisa shirin Charles Gaines da Hayes Noel da Bob Gurnsey. Wanda ya yi nasara, wani ma'aikacin daji mai suna Ritchie White, bai harba ko ƙwallo ɗaya ba. Saɗaɗawa kawai ya yi ya tattaro tutocin da ake nema. A wancan zamani sai an ɗana bindiga da hannu bayan kowane harbi, don haka maganar saurin wuta ba ta ma taso ba.

Ta taso ne a hankali. Da farko aka samu bindigogi masu ɗana kansu, inda kowane jan kunama ke fitar da ƙwallo ɗaya. A cikinsu yatsa ne ke yin aikin ƙarfi: shi ke janye ƙarfen da ya riƙe guduma, kuma hakan na buƙatar nauyi da tafiya mai ɗan tsawo. Iyakar saurin bindiga ita ce iyakar yatsan mai ita. Saboda haka dokar gasa ta kasance mai sauƙin faɗa da sauƙin dubawa: ja ɗaya, harbi ɗaya. Alƙali ya karɓi bindiga, ya ja kunama, ya ga ƙwallo ɗaya ya fito, shi ke nan.

Sai lantarki ya shigo. A 1996 aka fito da Shocker a Amurka, jim kaɗan bayansa kamfanin WDP na Birmingham a Ingila ya fito da Angel. A waɗannan bindigogi kunama ba ta janye komai. Wani ɗan maɓalli kawai take taɓawa, kamar na linzamin kwamfuta, shi kuma ya aika saƙo zuwa ƙaramin allon lantarki, allon ya umarci bawul ya saki iska. Wannan canji ya fi yadda yake a ido girma, domin ya sanya manhaja a tsakanin yatsa da harbi. Daga ranar, abin da ake kira “ja ɗaya” ya zama abin da manhaja ta ce shi ne ja ɗaya.

Da fari abin ya haifar da sabuwar gwaninta ta halas. Tunda kunamar ta yi sauƙi kamar gashin tsuntsu, aka tsawaita ta yadda yatsu biyu za su zauna a kai, 'yan wasa suka koyi kaɗa ta da manuniya da ɗan tsakiya bi da bi, tamkar mai kiɗa da yatsu a kan tebur. Gwanaye kan wuce harbi goma a sakan ta wannan hanya, kuma samari kan shafe watanni suna atisaye a ɗaki da bindiga marar iska. A lokaci guda sauran sassan suka biyo baya: mazubin ƙwallaye da ke saman bindiga ya samu injin da ke tura su da ƙarfi maimakon jiran su gangaro da kansu, aka kuma sa wasu ƙananan “idanu” a cikin bindiga da ke hana ta harbi sai ƙwallo ya zauna daidai, don kada ta yanka shi biyu. Duk wani cikas na inji aka kawar da shi, ya rage saura yatsa da dokar da ke cewa yatsa ne iyaka.

A nan ne abin ya fara wari. Kowane maɓallin lantarki, idan aka danna shi, ƙarafunansa kan yi 'yar rawa kafin su zauna, su haɗu su rabu sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Injiniyoyi sun san da wannan tun da daɗewa, shi ya sa ake rubuta wa manhaja umarnin ta yi watsi da waɗannan ƙananan haɗuwa ta ƙirga su a matsayin danni ɗaya. To amma wannan tacewa saiti ce, kuma saiti ana iya rage shi. Wanda ya rage shi sai bindigarsa ta riƙa ƙirga ja ɗaya a matsayin biyu. Idan ya sassauta kunamar sosai, girgizar harbin ma kanta sai ta sake taɓa maɓallin, bindiga ta ci gaba da amai da kanta. Mai ita kuma yana da amsa a shirye idan an kama shi: kuskuren saiti ne, ko zafin rana ne, ko maɓallin ne ya tsufa.

Wannan ma maguɗin masu ƙaramin sani ne. Na gaba da shi yana cikin manhajar kanta. Ana iya rubuta ta yadda za ta yi biyayya tsaf idan ana ja a hankali, kamar yadda alƙali ke yi wajen gwaji, amma da zarar ta ji ana ja da sauri sai ta fara ƙara harbin da ba a ja ba. Ana iya ɓoye wannan yanayi a bayan wani tsarin danne-danne da mai bindiga kaɗai ya sani, ya kunna shi bayan an busa fara wasa, ya kashe kansa idan an ajiye bindigar na 'yan sakanni. Kafin alƙali ya ƙaraso ya karɓe ta, ta koma saliha. A farkon shekarun 2000 zancen irin waɗannan alluna ya cika filayen gasa, kowace ƙungiya na zargin 'yar uwarta, kuma ba a buƙatar kowa ya yi maguɗi kafin wasan ya lalace. Ya isa kowa ya yi imani cewa abokin karawarsa na yi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyi su ne ke tallar cewa bindigarsu ta fi ta kowa sauri, kuma ba su cika son a tambaye su daga ina saurin ya fito ba.

Manyan gasannin Amurka biyu na lokacin suka rabu a kan mafita. NPPL, wadda ta fi daɗewa, ta tsaya a kan tsohuwar aƙida: ja ɗaya, harbi ɗaya, kuma duk wanda yatsansa ya fi sauri ya ci moriyarsa. PSP kuwa, a 2005, ta yi abin da da yawa suka ɗauka miƙa wuya ne ga 'yan maguɗi. Ta halasta wa kowa ƙarin harbin da manhaja ke yi, abin da ake kira “rampin”, wato hauhawa, sannan ta sa masa rufi a kan kusan harbi 15 a sakan. Tsarin ya kasance haka: harbi uku na farko dole su zama ja ɗaya harbi ɗaya, domin kada wanda ya taɓa kunama bisa kuskure ya yi wa na kusa da shi ruwan ƙwallaye, daga nan, muddin ɗan wasa ya ci gaba da ja, bindiga na iya ƙara masa har zuwa rufin, idan ya dakata na sakan guda, sai ta koma farko.

Ana iya ƙin wannan shawara ta fuskar ɗabi'a, amma da wuya a ƙaryata hikimarta. Tsohuwar dokar tana magana ne a kan abin da ke faruwa a cikin manhaja, wurin da idon alƙali ba ya kaiwa. Sabuwar tana magana a kan abin da ke fitowa daga bakin bindiga, wanda ƙaramar na'ura mai sauraren ƙarar harbi ko mai auna wucewar ƙwallo za ta iya kamawa ana tsakiyar wasa, ba tare da an taɓa bindigar ba. Alƙali ya daina tambayar abin da ɗan wasa ya yi da yatsansa ko abin da ya ƙudurta a ransa. Tazara kawai yake aunawa. Allon maguɗi da aka saya da tsada ya wayi gari ba shi da amfani, domin abin da yake bayarwa a ɓoye yanzu kowa na da shi a fili, kuma wuce rufin ba ya ɓoyuwa.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, don an gano cewa 15 ɗin ma ta yi yawa. A cikin shekarun da suka biyo baya rufin ya riƙa saukowa mataki-mataki, zuwa 13.3, zuwa 12.5, har ya zauna a 10.5. Waɗannan adadi masu ɗigo suna kama da son zuciyar wani kwamiti, amma idan aka juya su zuwa tazarar lokaci sai su fito sumul: milisakan 75, da 80, da 95, kamar yadda 15.4 na farko yake daidai da milisakan 65. Gasar Millennium ta Turai ita ma ta sauko ta wannan hanya, kuma da NXL ta gaji PSP a 2015, a kan wannan ƙaramin adadi ta ci gaba.

Me ya sa bambancin milisakan talatin zai dami wani? Amsar tana cikin sakanni biyar na farkon kowane zagaye. Da an busa, kowane ɗan wasa zai ruga zuwa mafakarsa, yayin da wasu daga cikin abokan hamayya ke tsayawa su zuba ƙwallaye a kan wata gaɓa ɗaya da suka san dole mai gudu ya ratsa ta. Ba mutum suke saitawa ba, layi suke shatawa a iska su jira ya shigo ciki. A yi ɗan lissafi na kan takarda. Mai gudun mita 7 a sakan, wanda kaurin jikinsa ya kai rabin mita, yana buƙatar kusan milisakan 70 kafin ya ƙetare wannan layi. Idan ƙwallo na zuwa kowane milisakan 65, kusan babu makawa ɗaya zai same shi. Idan kuwa sai bayan milisakan 95, akwai kafar da zai iya sulalewa. A zahiri ƙwallaye kan warwatse, iska na kaɗa su, wasu kuma su buga jiki ba tare da sun fashe ba, amma asalin maganar na nan: milisakan talatin ɗin nan shi ne bambanci tsakanin bango da labule. A ƙarƙashin bango, dabarar da ta fi riba ita ce kowa ya lafe a bayan buhunsa yana zuba wuta, kuma babu abin da ya kai wannan gundurar mai kallo. Wasan da ya daɗe yana mafarkin samun gurbi a talabijin ba zai so ya zama kallon mutum goma da ba sa motsi ba.

Dalili na biyu shi ne aljihu, kuma a nan ne lamarin ya fi sarƙaƙiya. Ana sayar da ƙwallayen ne a kwali mai ɗauke da 2,000. A saurin 15 a sakan, yatsan da bai huta ba zai ƙarar da kwali guda cikin minti biyu da 'yan sakanni, a 10.5 zai ɗan haura minti uku. Mazubin da ke kan bindiga na ɗaukar kusan 200, kowace gorar ƙari da ake ratayawa a ƙugu kuma 140. Ƙungiyar da ke atisaye kowane ƙarshen mako tana ƙona kwalaye da yawa, kuma mafi yawan masu cika gasa ba ƙwararrun da kamfani ke ba ƙwallo kyauta ba ne, ɗalibai ne da ƙananan ma'aikata da ke biya da guminsu. Masu yin ƙwallon, waɗanda suna cikin manyan masu ɗaukar nauyin gasannin, sun ji daɗin shekarun ruwan wuta, domin kowane jan kunama ciniki ne. Amma da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008, aka ga ɗaya fuskar lissafin: matashin da wasa ya fi ƙarfin aljihunsa ba ya rage harbi, barin wasan yake yi gaba ɗaya. Kamfanin Smart Parts, mai Shocker, ya rufe a 2010. Saukar rufin ta zo daidai da waɗannan shekaru na ƙunci, kuma zai yi wuya a ce haɗuwar tasu arashi ce kawai.

Na uku shi ne fata. Ƙwallo mai giram 3 da ke tafiya a mita 90 a sakan na ɗauke da ƙarfin kusan jul 12 a bakin bindiga. Ba ya huda fata, amma yana barin tabo mai zafi na kwanaki. Dokar gudun ƙwallo ta ƙayyade zafin kowane bugu ɗaya. Ba ta ce komai ba a kan yawan bugun. Ɗan wasan da aka harba yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya ɗaga hannu, mai harbin ma yana buƙatar lokaci kafin ya gani ya saki kunama. A cikin wannan rabin sakan, bindiga mai 15 ta riga ta aika bakwai ko takwas, mai 10.5 ta aika biyar. Ƙwararre zai shanye ya wuce. Yaron da ya zo karo na farko da bindigar haya, ya haɗu da wanda ya kawo saitin gasa filin nishaɗi, ba lallai ne ya dawo ba, shi ya sa filaye da yawa ke hana hauhawa kwata-kwata a ranakun 'yan koyo. Akwai kuma fargabar da masu inshora ba sa wasa da ita: takunkumi ya goce a daidai lokacin da ƙwallaye ke zuba, alhali ido ba ya jure ko guda ɗaya.

Duk da haka, masu kukan abin da aka rasa ba su yi ƙarya ba. Hauhawa ta kashe wata gwaninta ta gaske. Wanda ya yi shekara yana horar da yatsunsa da wanda ya sayi bindiga jiya, yanzu wuta iri ɗaya suke fitarwa, muddin na biyun zai iya ja kamar sau biyar a sakan, abin da kusan kowa zai iya. Masu goyon bayan rufin kan amsa da cewa gwanintar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa ƙafafu da ido da baki: iya gudu da nutsewa ƙasa, harbi daidai da hannun hagu ko dama, sanar da abokan wasa inda abokin gaba yake. Amsar tana da ƙarfi, kuma wasan yau ya fi na wancan zamani motsi. Sai dai gaskiyar da ba a cika furtawa ba ita ce, ba domin gwanintar yatsa ba ta da daraja aka sadaukar da ita ba. An sadaukar da ita ne domin babu alƙalin da zai iya bambance ta da ta jabu, sai mai gaskiya ya biya bashin da maƙaryaci ya ci.

Waɗanda ba su gamsu ba sun buɗe tasu kasuwar. Daga tsakiyar shekarun 2010 aka ga farfaɗowar gasannin da ake kira na gargajiya, mutum goma-goma a daji ko a tsakanin tudun ƙasa, da bindigogin da ba su da batir, irin su gasar Iron City Classic da ake yi a yankin Pittsburgh. Kamfanonin da suka yi suna da lantarki, irin su Planet Eclipse, suka koma ƙera bindigogin inji zalla domin wannan kasuwa, kuma tsofaffin ƙwararru da suka yi ritaya suka dawo fili. A inda aka yarda mai bindigar lantarki ya shiga irin waɗannan gasanni, akan ɗaure ta a kan harbi 5.5 a sakan, ja ɗaya harbi ɗaya. Bindigar injin kuwa an bar ta da iyakar yatsan mai ita, kamar da. Sai ga shi masu ƙira sun ci gaba da sassauta kunamar inji da taimakon iska, suna rage mata nauyi da tsawon tafiya, har masu shirya gasa suka koma rubuta ƙa'idoji a kan wace irin kunama ce za a ƙirga a matsayin ta inji.